Banki Ya Mayar Maka Da Kuɗi, Amma Bashin Yana Nan A Wuyanka

  Yau mun ajiye maganar ƙa'idojin rubutu da tsarin labari a gefe, mun zo da wata rigima da ta tashi a unguwarmu Nasarawa, nan Kaduna ta tsallaken kogi. Rigimar ta naira 60,000 ce, amma abin da muka ji daga bakin matasa 'yan uwanmu a kanta ya fi kuɗin tayar mana da hankali.

Akwai wata baiwar Allah da ke da 'yar rumfar POS a kan hanyar da ke fita baifas. Duk unguwa Mama ake ce mata. Maigidanta yana cikin dubban ma'aikatan masaƙun Kakuri da suka wayi gari ba aiki sa'ad da masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, kuma yau daga wannan rumfa ake cefane a gidan. Wata rana da yamma wani saurayi ɗan unguwa ya zo ya miƙa kati, ya ce zai cire 60,000. Ya danna lambobinsa na sirri, na'ura ta amince, risit ya fito, ta ƙirga kuɗi ta ba shi, ya biya ta cajin naira 1,000. Bayan kwana huɗu ta duba asusunta ta ga an zare 60,000. Ashe saurayin ya je bankinsa ya cike fom cewa an cire masa kuɗi amma ba a ba shi ko kwabo ba. An turo wa Mama saƙo a manhajar waya, da Turanci, ana neman ta kare kanta cikin wani ɗan wa'adi. Ba ta lura da saƙon ba sai da wa'adin ya wuce.

Da ta same shi a ƙofar gidansu, sai ya ce mata: "Mama, ni fa ba ruwana. Banki ne ya mayar mini da kuɗina. In kina da magana ki je ki yi da banki."

A daren nan majalisar mai shayi ta rabu biyu. Wasu suka ce ai tunda banki ya bincika ya mayar masa, magana ta ƙare, Mama ta rungumi ƙaddara. Wasu suka ce ta kwaso masa 'yan sanda su rufe shi sai ya amayar da kuɗin, in ya gudu a kama ubansa, a kuma liƙa hotonsa a Facebook kowa ya san ɓarawo ne. Abin baƙin ciki, cikin masu ra'ayin farko har da abokan karatunmu, waɗanda muka zauna aji ɗaya da su a poli, har da masu rubuta littafi. Mu kuwa muna cewa duka ɓangarorin biyu sun ɓata hanya. Bashin Mama yana nan a wuyan yaron, tana da cikakken ikon bin sa, kuma akwai hanyar da ake bi wadda ba ta ratsa ta bayan kanta ba.

Mu fara da abin da ya faru a cikin na'ura, domin a nan rashin sani ya yi mana katutu. Duk lokacin da aka sa kati a POS, mutum biyu ake gani a tsaye, amma hannu huɗu ne a cikin cinikin: mai kati, bankin da ya ba shi katin, mai na'ura, da banki ko kamfanin da ya ba ta na'urar. A tsakaninsu akwai masu tambarin katin, irin su Visa da Mastercard da Verve ta kamfanin Interswitch, kowanne da dokokinsa na sasanta saɓani. In mai kati ya kai ƙorafi, bankinsa zai aika wa bankin mai na'ura cewa ana jayayya a kan ciniki kaza. Bankin mai na'ura zai nemi ta kawo hujja, wato risit ko wata shaida cewa ta ba da kuɗi ko kaya. In ta kawo, a duba. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, sai a ɗauka ta amince, a zare kuɗin daga asusunta a mayar wa mai kati. Wannan shi ne abin da ma'aikatan banki ke kira cajbak, mu kuma a unguwa mu ce "banki ya janye kuɗin".

To ku dubi wannan tsari da kyau, ku faɗa mana a ina aka yi shari'a? Ba wanda ya kira Mama ya ji ta bakinta. Ba wanda ya rantsar da saurayin. Ba a kira mai sayar da lemo da ke gefen rumfar ba, wanda a gabansa aka ƙirga kuɗin. Abin da ya faru shi ne wa'adi ya cika, kwamfuta ta yi abin da aka tsara mata. Banki bai ce yaron ya yi gaskiya ba. Abin da ya ce kawai shi ne ba a kawo masa takarda a kan lokaci ba. Mai ɗaukar wannan a matsayin hukunci kamar wanda ya ga an ɗage zaman kotu ne, ya fito yana rawa wai an wanke shi.

Asalin tsarin ma don kare mai saye aka yi shi, kuma abu ne mai kyau. A Amurka dokar 1974 ce ta ba masu katin bashi damar yin jayayya a kan kuskuren lissafi da cinikin da ba su yi ba, daga nan kamfanonin kati suka faɗaɗa abin ya zama ruwan dare a duniya. A nan gida, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da umarni da ya fara aiki ranar 8 ga Yuni, 2020, cewa a warware jayayyar POS da ta cinikin intanet cikin awa 72, maimakon kwana biyar da ake ɗauka a da. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi na'ura ta ƙi, ya yi ta sintiri a banki yana cike fom, ya san darajar wannan umarni. Mu ma mun sha wannan wahala, musamman a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, sabis ya riƙa yankewa, kowa ya koma ga masu POS. Don haka kada wani ya ce muna yaƙi da haƙƙin mai kati. Amma saurin da aka sa don a taimaki wanda aka zalunta, shi ne kuma ƙofar da macuci ke bi, domin awa 72 ba ta isa a binciki gaskiyar kowa ba. Tsari ne na gaggawa, an yi shi ne don a san inda kuɗi za su zauna kafin masu rigima su daidaita. Bai shafe cinikin da aka ƙulla tsakanin mutum biyu ba, kuma bai hana kowa zuwa kotu ba.

Ciniki kuwa abu ne mai sauƙin ganewa. Ka karɓi kaya ko tsabar kuɗi, ka yi alkawarin biya. Kati hanya ce kawai ta isar da biyan. In hanyar ta katse, ko kai da kanka ka katse ta, alkawarin yana nan. Da a ce ka aiki yaro da kuɗin mai shago, ya kai, sannan ka bi shi a guje ka karɓe kafin mai shago ya sa a aljihu, akwai wanda zai ce ka biya? Yaron aike ne kawai aka canza, ya zama banki.

Sai dai a yi adalci, ba kowace janyewar kuɗi ce ke barin bashi a baya ba. Akwai hali huɗu, kuma wajibi ne mai ciniki ya san wanne yake ciki kafin ya ɗaga murya.

Na farko, an cire wa mai kati kuɗi amma na'ura ta ƙi, ba a ba shi komai ba. In banki ya mayar masa, haƙƙinsa ne ya koma masa. Mai na'ura ba ya bin sa ko sisi, kuma in kuɗin sun taɓa shiga asusunsa ya yi shiru, to shi ne mai cin haram.

Na biyu, katin sata ne. Wani ya sace kati ko ya yaudari mai shi ya samu lambobin sirri, ya zo ya cire. Mai katin na gaskiya bai ci komai ba, ba kuma a bin sa komai. Wanda ake bi shi ne ɓarawon, kuma wannan aikin 'yan sanda ne tun daga farko.

Na uku, an sayi kaya, mai saye ya ce kayan jabu ne, ko sun lalace, ko ba su iso ba sam. Wannan jayayya ce ta gaske. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su cika sharaɗi ba. Amma ko a nan, ba ya halatta mutum ya riƙe kaya ya kuma riƙe kuɗi. In ka ce atamfar ba ita ce ka zaɓa ba, mayar da ita. In ka ɗinka ka sa a biki, biya.

Na huɗu shi ne na Mama: an karɓa cif-cif, an koma an ce ba a karɓa ba. A nan bashin yana nan daram, kuma ƙarya ta hau kansa.

Masu cewa magana ta ƙare suna da hujjojinsu, bari mu ɗauke su ɗaya-ɗaya. Sun ce: ai laifinta ne, me ya sa ba ta amsa saƙon a kan lokaci ba? Gaskiya ne ta yi sakaci, kuma ta ɗanɗana kuɗarsa, tunda ta rasa hanya mafi sauƙi ta kare kuɗinta. Amma sakacin mai kaya ba ya halatta wa ɓarawo kaya. In ka bar ƙofar shagonka a buɗe aka kwashe, mutane za su ce ka yi wauta, ba wanda zai ce kayan sun zama na wanda ya kwasa.

Sun ce: ai kuɗin banki ne, su ma bankunan kullum cikin yankar mana kuɗi suke, yau cajin saƙo, gobe cajin kula da kati. Wannan ita ce hujjar da ta fi yawo a bakin samari, kuma ita ce ta fi rauni. Banki bai yi asarar ko kwabo ba a wannan ciniki. Daga asusun Mama aka zare kuɗin. Matar da ke karɓar 1,000 a kan 60,000, kuma a cikin 1,000 ɗin kamfani ya cire nasa, ga kuɗin takardar risit, ga cajin batir, ga kuɗin mota zuwa neman tsabar kuɗi, sai ta sallami kwastoma fiye da 60 irin wannan kafin ta cike ramin. Wanda ya yi wannan aiki yana taƙamar ya ci banki, maƙwabciyarsa ya ci.

Ku kuma lura da bambancin ƙarfi. Tun watan Agusta na 2020 Babban Banki ya ba bankuna wani tsari da ake kira GSI, wanda in ka ci bashin banki ka ƙi biya, za a bi lambarka ta BVN a kwashi kuɗin daga asusunka na wasu bankuna. Banki ya tanadar wa kansa igiya mai tsawo. Mai rumfar POS ba ta da irin wannan igiya. Abin da take da shi risit ne, da littafinta, da mutuncin unguwa. In muka ce mata ita ma ba ta da ikon bin haƙƙinta bayan an janye kuɗi, to mun ɗaure mai rauni mun saki mai ƙarfi.

Sun kuma ce: in aka bar 'yan kasuwa suna bin mutane bayan banki ya mayar da kuɗi, ina amfanin kai ƙorafi? Ai za su riƙa tsoratar da masu gaskiya. Wannan tambaya tana da nauyi, kuma ita ce ta kawo mu ga ɓangare na biyu na majalisar, masu cewa a kwaso 'yan sanda. Amsarmu ita ce, ikon bin bashi daban, ikon cin mutunci daban. Mai ciniki yana da na farko, doka ta hana shi na biyu.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta ce ba a kama mutum don kawai saɓanin ciniki ko saɓa yarjejeniya. Sashe na 36 ya hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, wato maganar "a kama ubansa" haramtacciya ce ƙarara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta riga ta faɗi haka a sashe na 7 da na 8. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar bankin Diamond da Opara a 2018, ta ja kunne cewa hukumar EFCC ba 'yar karɓar bashi ba ce. In an hana EFCC, ina ga ɗan sandan da aka saya wa mai a babur? Ina ga 'yan sintirin unguwa?

Akwai wani ɗan lungu a nan da ya kamata a fahimta. Wanda ya karɓi kuɗi sannan ya je ya yi wa banki ƙarya da gangan, abin nasa ya wuce bashi, ya shiga damfara, kuma damfara laifi ne da 'yan sanda ke da ikon bincika su kai kotu. Mama tana iya kai rahoto a kan haka. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta mayar da ofishin 'yan sanda wurin karɓar bashi, a kulle yaro a ce ba zai fito ba sai danginsa sun haɗa kuɗi, a kuma yanki kaso. Wanda ya bi wannan hanya yana iya wayar gari shi ake ƙara a babbar kotu kan tauye haƙƙin ɗan Adam, a ci shi tarar da ta ninka abin da yake bi. Garin neman gira a rasa ido.

Maganar liƙa hoto a Facebook kuwa, mun ga inda ta kai wasu. Kamfanonin ba da bashi ta waya sun yi ta aika wa dangin mutane da abokansu saƙon cewa wane ɓarawo ne, har hukumar FCCPC ta kai wa wasunsu samame a Legas a 2022. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Abin da muka la'anta da kamfani ya yi shi, bai zama daidai ba don mai rumfa ce ta yi. Kuma in daga baya ta tabbata na'ura ce ta yi kuskure, wa zai goge hoton daga wayoyin mutane?

To wace hanya ta rage? Hanyar tana nan, ba ta da armashi ne kawai, shi ya sa ba a son ta. Da farko mai na'ura ta koma wa kamfaninta ko bankinta da risit, ta shigar da nata ƙorafin a rubuce, domin ita ma kwastoma ce. Ƙa'idar Babban Banki ita ce in mako biyu suka wuce ba a warware ba, ana iya ɗaukaka ƙorafin zuwa sashensa na kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Sannan ta rubuta wa wanda take bi takarda, da kwanan wata, da adadi, da lambar cinikin da ke jikin risit, ta ba shi lokaci. In ya ƙi, a je gaban manya: mai unguwa, liman ko fasto, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa. In nan ma ya ƙi, kotu tana nan, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci ga waɗanda abin ya shafa. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi bayanan da kwamfuta ta fitar a matsayin hujja in an cika sharuɗɗa, don haka risit da bayanan asusu ba takardun banza ba ne. Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, don irin waɗannan kuɗaɗe da ba su kai a ɗauki lauya ba. A gaban alƙali kowa zai yi magana, mai gaskiya cikin masu kati zai kare kansa, maƙaryaci kuma zai gane cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ita ce amsar masu tsoron a zalunci mai saye: kotun da ke karɓar ƙarar mai ciniki, ita ce kuma ke korar ta in ba shi da hujja.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, mu Hausawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. Kasuwancinmu tun fil azal a kan bashi da lamuni ya ginu. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a shekarun 1960, ya rubuta yadda ake sayar da shanun Arewa ga mahauta bashi, maigidan da ya sauki fatake shi ne ke tsaya wa cinikin, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya, kuma daga ranar mahaucin ya rasa mai ba shi saniya a kasuwar. Ba kati, ba na'ura, amma dukiya mai yawa tana yawo daga Arewa zuwa Kudu a kan kalmar baki. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san bashi ba ya mutuwa don mai shi ya sauya hanya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Maƙwabtanmu Kirista da muke zaune tare a Nasarawa su ma ba su da wata koyarwa da ta ce a ci kuɗin mutum a share baki. Yau jikokin waɗancan fatake ne ke zaune a teburin mai shayi suna cewa manhajar waya ta yafe musu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne a bi ka. Abin kunya shi ne ka ɓuya a bayan banki.

Wani zai ce, to mu marubuta ina ruwanmu? Ruwanmu ya kai wuya. Da yawa cikinmu yanzu a waya muke sayar da littattafanmu. Marubuciya ta kwana tana bugawa da babban yatsa, ta sa lambar asusu a ƙarshen shafin kyauta, ta ce a tura kuɗi a turo shaidar biya kafin a shiga rukunin masu karanta ci gaba. Wace ce a cikinku ba a taɓa turo mata alat na bogi ba? Wane ne bai taɓa ganin an karanta littafinsa kaf, sannan a ce a mayar da kuɗi wai labarin bai yi daɗi ba? Masu sayar da littafi ta shafukan da ke karɓar kati kuwa, irin abin da ya sami Mama yana iya samun su kowace rana, kuma nasu ya fi wuya, domin littafin da aka sauke a waya ba ya dawowa. Ba zai yiwu mu yi kuka in an ci namu, mu yi tafi in an ci na mai POS ba. Hujjar da muke kafawa cewa wanda ya karanta ya biya, ita ce hujjar Mama.

Sannan akwai abin da ke wuyanmu na aiki. Saƙon da ya ci Mama da Turanci ya zo, cike da kalmomin da ko mu masu difloma sai mun karanta sau biyu. Kamfanonin da ke raba na'urori a kowane lungu na Arewa sun iya tallata kansu da Hausa a rediyo, to su iya gargaɗi da Hausa mana. Wannan kira ne da ya kamata ƙungiyoyinmu na marubuta su yi da babbar murya. Kafin su ji, mu muna iya rubuta bayanin a shafi ɗaya, da Hausa mai sauƙi, mu raba wa masu rumfuna a unguwanninmu: duba manhajarka kowace safiya, kada ka yar da risit, ɗauki hotonsa domin tawadarsa tana gogewa, buɗe littafi ka rubuta suna da adadi da lokaci, kwastoma ya sa hannu in kuɗin masu yawa ne. Kuma a labaranmu, maimakon attajirin da ke rabon motoci a kowane babi, ga rayuwa nan a bakin titi tana jiran mai rubuta ta. Matar da jarinta ya tafi cikin saƙon da ba ta iya karantawa ba ta fi Alhajin da ya sauka daga Dubai kama da mutanen da ke sayen littattafanmu.

Ga yadda ta kaya da Mama. Ba ta je ofishin 'yan sanda ba, ba ta kuma sa hoton kowa a ko'ina ba. Ɗanta ya tono risit ɗin a cikin ledar da take tara su, ya ɗauki littafin da take rubuta ciniki, suka tafi gidan mai unguwa tare da mai lemo. Aka kira yaron da baffansa. Da farko ya tsaya a kan bakansa cewa banki ya riga ya gama magana. Mai unguwa ya ce masa: "Yaro, ban tambaye ka abin da banki ya ce ba. Ta ba ka kuɗi a hannu ko ba ta ba ka ba?" Ya sunkuyar da kai. Aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu, zai riƙa biyan 10,000 duk wata, in ya saɓa a tafi kotu da takardar. Zuwa yau ya biya sau biyu. Saura 40,000, kuma Mama ta ce ko naira ɗaya ba za ta bari ba. Muna ganin daidai ta yi.

Mun san a cikin wannan zaure akwai masu POS, akwai ma'aikatan banki, akwai ɗaliban shari'a, akwai kuma waɗanda aka taɓa bi bashin da ba su ci ba. Wanda yake ganin janyewar banki ta isa ta kashe bashi, ya kawo hujjarsa, za mu saurara. Amma ya fara amsa tambayar mai unguwa tukuna.

Allah ya rufa mana asiri, ya raba mu da cin haƙƙin mutane. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.